Shanya a Ƙasar Zuru: Rana Ba Ta Taɓa Yin Aikin Ita Kaɗai Ba

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta kusan kowace sana'a tana da sarkinta. Akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Noma, har da na aska da na ruwa. Babu Sarkin Shanya, kuma ba a aika yaro gidan wani ya koyo ta. Amma in aka cire shanya daga tarihin abincin wannan yanki, hatsi ba zai kai damina ba, miyar rani ba za ta samu ba, fatar akuya kuma ba za ta isa hannun majemi ba. Duk wanda ya bi hanyar Zuru zuwa Ribah tsakanin Oktoba da Janairu zai ga aikin ko'ina: masara a kan tamfol, barkono a kan falalen dutse, yankakkiyar kuɓewa a faifai bisa rufin ɗaki, wake a gefen hanya. In aka tambayi mai shanyar ko ba ya tsoron ƙazantar da ke sauka a kai, amsar da aka fi ji ita ce, "Ai rana tana kashe komai." Maganar nan rabinta gaskiya ne, kuma rabin gaskiyar ne ya sa take da haɗari. Waɗanda suka gina al'adar shanya ba su taɓa dogara ga rana ita kaɗai ba. Sun haɗa ta da lokaci, da iska, da wuri mai tsabta, sannan da wani mataki na biyu, ko wuta, ko hayaƙi, ko toka. Yau sauran abubuwan nan suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, an bar wa rana aikin da tun asali ba nata ba ne.

Ribah ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, can kudu maso gabashin jihar Kebbi, jihar da aka ciro daga tsohuwar Sakkwato a 1991. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, ruwan samanta ya fi na Argungu da Birnin Kebbi yawa, daminarta kuma ta fi daɗewa. Manomi na murna da haka, sai dai inda ruwa ya daɗe, amfanin gona yakan nuna tun iska na ɗauke da danshi. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da maƙwabtansu Dukawa da Kambari da Fakkawa, da Hausawan da fatauci da noma suka kawo, duk sun daɗe suna fama da wannan. A ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Kwantagora suka tsananta a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, kafin Turawa su ci garin a 1901, al'ummu da yawa na wannan shiyya kan duwatsu suka fake. Mutumin da ke zaune bisa dutse yana sauraron mahara ba shi da damar zuwa kasuwa ya auno in hatsinsa ya ruɓe. Abin da ke rumbu shi ne iyakarsa. Ba banza ba ne a wurin Lelna saurayi yake yi wa surukansa noman golmo na shekara bakwai kafin a ba shi mata, kuma babban bikin shekara, Uhola, bayan girbi ake yin sa. Al'ummar da ta ɗora aure da biki a kan hatsi ba za ta yi sakaci da yadda ake busar da shi ba.

Dabararsu ta farko ma ba a filin shanya take ba, a cikin iri take. Tsofaffin irin dawa na Arewa, kamar farafara da kaura, ba sa ƙirga kwana daga ranar shuka. Tsawon yini suke bi. Ko an yi shuka da wuri ko an makara, ba sa fid da kai sai yini ya fara gajarta, wato dab da ɗaukewar ruwa. Masu binciken aikin gona na Samarun Zariya sun tabbatar da wannan a shekarun 1960, inda suka ga irin kowane yanki yana fure ne kusa da ƙarshen daminar wannan yankin. Ma'anarsa, ƙwayar dawa tana cika tana ƙosawa ne a ƙololuwar kara, nesa da ƙasa, cikin iskar da kullum ƙara bushewa take. Sai a sare kara a kwantar, zangarniya ta sha rana ta kwanaki, a yanke a ɗaure dami, a kai rumbu ba tare da an sussuke ba. Rumbun kansa a kan duwatsu yake zaune don kada ya sha danshin ƙasa, da rufin ciyawa a kansa, kuma zangarnu ba sa matsuwa kamar tsabar hatsi, iska tana ratsa su. Kafin nan hunturu ya shigo, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Uwargida ta ciro dami, ta sussuke abin da za a ci a 'yan kwanaki, sauran ya ci gaba da zama. A wannan tsari, kwanakin da hatsi ke yi a shimfiɗe a rana su ne mafi ƙanƙantar ɓangare. Yawancin bushewar ta faru tun yana tsaye a gona, sauran kuma a cikin inuwar rumbu.

Waɗanda suka tsara haka ba su san da ƙwayoyin cuta ba, kuma ba laifinsu ba ne, duniya gaba ɗaya ba ta sani ba. Sai a shekarun 1670 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya hango ƙananan halittu suna motsi a ɗigon ruwa ta gilashin da ya haɗa da hannunsa, kuma sai da aka ƙara kusan shekara 200 kafin Louis Pasteur na Faransa da Robert Koch na Jamus su tabbatar cewa irin waɗannan halittu ne ke ruɓar da abinci, wasunsu kuma su sa cuta. A tsakanin nan, a 1801, Johann Ritter ya gano cewa gaba da launin shunayya, inda bakan gizo ya ƙare a ganin ido, akwai wani haske da ido ba ya kamawa amma yana baƙanta sinadarin azurfa fiye da hasken da ake gani. Shi ne ultrabayolet. Waɗanda suka haɗa zancen haske da na ƙwayoyi su ne Arthur Downes da Thomas Blunt a Ingila, a 1877. Sun zuba ruwan da ƙwayoyi ke son hayayyafa a cikinsa a siraran kwalabe, suka naɗe wasu da dalma, suka bar wasu rana na bugu. Na cikin dalma suka gurɓace, na rana suka zauna garau. Da suka bi diddigi sai suka ga ɓangaren shuɗi da shunayya na hasken ne ya fi yin aikin. A 1890 Koch ya bayyana cewa hasken rana kai tsaye yana kashe ƙwayar tarin fuka. A 1903 aka ba Niels Finsen na Denmark kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske, a 1910 kuma birnin Marseille na Faransa ya gwada tsabtace ruwan sha da fitilun ultrabayolet. Saboda haka mai cewa rana tana kashe ƙwayar cuta yana da shaidu, kuma manya.

Inda maganar ke karkacewa shi ne wajen kalmar "komai". Ultrabayolet kashi uku ne. Mafi ƙarfi, wanda ake kira C, shi ke lalata DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwaya, nan take, kuma shi ne a fitilun asibiti da na matatun ruwa. Wannan ba ya isowa ƙasa ko kaɗan, iskar ozon da ke can sama ta shanye shi. Na tsakiya, B, kaɗan ne ke ratsowa, shi ma yana manne sassan DNA da juna har ƙwayar ta kasa haihuwa. Kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ke sauka a tsakar gida a Ribah nau'in A ne, mafi rauni, wanda ke kisa a kaikaice: yana haɗuwa da iskar oksijin ya samar da sinadarai masu cin jikin ƙwayar sannu a hankali, aikin sa'o'i ba na mintoci ba. Ga kuma babbar naƙasa, hasken ba ya shiga ciki. Ƙura ta tare shi, ɓawon gyaɗa ya tare shi, ƙwayar masara ɗaya ta yi wa ta ƙarƙashinta inuwa, gilashin taga ma yana tace yawancin nau'in B. Masarar da aka baza mai kaurin yatsa uku, fuskar sama kawai ta ga rana. Har wa yau, tun 1949 Albert Kelner ya nuna cewa ƙwayoyi da yawa suna iya gyara ɓarnar da ultrabayolet ya yi musu, kuma abin mamaki, da taimakon hasken da ake gani suke gyaran. Rashin shigar hasken ciki ne ya sa katifar da aka fitar rana take rage wari da danshi amma kuɗin cizo ya koma ƙasanta ya laɓe. Shi zafi ke kashe shi, kuma sai zafin ya ratsa har inda yake.

To, me ke adana hatsin ke nan? Rashin ruwa. Ƙwaya ba ta da baki, ta jikinta take tsotsar abinci, kuma sai abincin ya narke a ruwa. Bakteriya su ke fara tsayawa da zarar abu ya soma bushewa, fumfuna ta fi su juriya, ita ce ta ƙarshe. Masara da danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, ko gyaɗa zuwa 7 ko 8, fumfuna ba ta samun abin kamawa. Aikin rana a nan shi ne ta ɗumama ƙwayar hatsi ruwan ya fito, aikin iska kuma ta kwashe shi. Tsohuwar da ke ɗaukar ƙwaya ɗaya ta gartsa da haƙori, in ta ji ƙas ta ce a kwashe, in ta ji taushi ta ce a ƙara kwana, danshi take aunawa, kuma shi ne ma'aunin da ya dace. Sai dai bushewa tsayarwa take yi, ba lallai ta kashe ba. Ƙwayar Salmonella, mai sa gudawa da zazzaɓi, tana iya yin watanni da rai a busasshen abinci tana jiran ruwa. Wannan bambanci na tsayarwa da kashewa shi ne duk zancen, kuma masu sana'a sun san shi a aikace tun kafin a ba shi suna.

A dubi mahauci mai kilishi. Yana feɗe tsoka ya mayar da ita shimfiɗa siririya har ana iya hango haske ta cikinta, domin ya san nama mai kauri zai bushe a waje ya ruɓe a ciki. Yana shanyawa a kan gado, ba a ƙasa ba. In ya bushe ya tsoma a labu na tunkuza da gishiri da yaji, ya sake shanyawa, sannan, bayan duk wannan rana, ya ɗora a kan garwashi kafin ya sayar. Da a ce rana tana gama aiki, wannan gashin na ƙarshe ɓata gawayi ne. A dubi mai daddawa. Ta dafa kalwa, ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a kwando ta rufe da ganye da tsumma ta ajiye a lungu mai ɗumi kwana biyu ko uku. A nan so take ƙwayoyi su yi aiki, don haka ta ɓoye su daga rana. Masana sun gano bakteriyar Bacillus ce ke ruɓar da kalwar ta ba ta wannan ƙamshi. Da ta kai yadda take so, sai ta daka ta mulmula ta fitar rana, ruɓar ta tsaya. Ba ta kashe Bacillus ba, domin yana daga cikin masu shiga ƙoƙo mai tauri su yi barci in wuya ta zo, ta dai tsayar da shi a inda ɗanɗano ya yi daidai. Haka masu iya gyaran kuka da zogale suka fi son busar da ganyen a inuwa mai iska, saboda rana tsaka tana dusashe korensa, ta kuma rage masa amfani. Kifi kuwa da naman daji, hayaƙi ake ba su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ɗauki rana a matsayin maganin kowace cuta. Kowa ya san inda zai kira ta da inda zai sallame ta.

Tarihin fatu da ƙiraga ya nuna ma inda rana ke ɓarna. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fataucin hamada, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin ɗanyar fata zuwa Turai ya bunƙasa, sai masu jima a can suka fara ƙorafi. Fatar da aka miƙe a ƙasa aka kafe da turaku a rana tsaka takan yi kyau a ido, amma da an jiƙa ta a majema sai gashi ya zube, fuskarta ta saɓule, ramuka su bayyana. Dalili shi ne samanta ya ƙame da sauri ya kulle danshi a tsakiya, ƙasanta kuma yana manne da ƙasa mai zafi babu iska, bakteriya suka samu ɗumi da ruwa da nama, suka ci. Maganin da ma'aikatan dabbobi na zamanin mulkin mallaka suka yaɗa shi ne a ɗaure fata a firam, a rataye ta a rumfa, iska ta bugi fuska biyu. Fatar inuwa ta fi ta rana daraja a kasuwa. Ko da haka akwai abin da bushewa ba ta taɓawa: ƙwayar cutar antaraks tana yin shekaru masu yawa a busasshen ƙirgi. Da cutar ta ɓulla a wata gona kusa da Suleja a 2023, cikin abin da hukuma ta ja kunne a kai har da ganda.

Mai karatu da ya san aikin lafiya zai ce, ai akwai hanyar tsabtace ruwan sha da rana zalla, babu wuta babu magani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da ita. Haka ne. Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Beirut ya fara nazarinta a wajen 1980, cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta ɗora a shekarun 1990. Amma a duba sharuɗɗan. Gorar roba mai haske garau, wadda ba ta wuce lita 2 ba. Ruwa mai tsabtar ido, in ya yi laka sai an tace ko an bari ya kwanta. A kwantar da gorar, ba a tsaye ba, ta yi awa 6 a rana mai ƙarfi, in akwai gajimare sosai kwana biyu. Kowane sharaɗi cire wa hasken shinge yake yi, domin ruwa mai haske yana cikin 'yan abubuwan da ultrabayolet ke iya ratsawa. Wannan hujja ce a kan iyakar rana, ba a kan faɗin ikonta ba. Randar ruwan rafi da aka bari a tsakar gida, ko baƙar jarka, ba ta shiga wannan lissafi, ɗumi kawai ta samu. Sannan ko da sharuɗɗan sun cika a takarda, mutane ne ke aiwatarwa. Gwajin da aka yi a tsakanin Masai na Kenya, wanda aka buga a 1996, ya nuna raguwar gudawa a yara, amma wani babba da aka yi a ƙauyukan Bolibiya, aka buga a 2009, bai sami raguwa ta a zo a gani ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na gidajen suka riƙe aikin yadda aka koya musu. Ga masu tuna cewa wasu malaman fiƙihu, musamman Shafi'awa, sun karhanta alwala da ruwan da rana ta ɗumama, sharaɗin da suka ambata na tukunyar ƙarfe ne irin tagulla a ƙasa mai zafi, ba gorar roba ba.

Wani kuma zai ce, kakanninmu a ƙasa suka yi shanya, suka ci, suka tsufa. Amsa ta farko, ba mu da lissafin waɗanda ba su tsufa ba. Kuma da rana tana wanke gari, da bazara ce lokacin da ya fi kowanne lafiya, alhali ita ce lokacin sanƙarau. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, a watannin da rana ta fi ƙuna, domin ƙwayar a maƙogwaro take zaune, a ɗaki mai cunkoso take yaɗuwa, inda haske ba ya zuwa. Amsa ta biyu ita ce ta fi nauyi: ba abu ɗaya muke shanyawa da su ba, ba kuma a lokaci ɗaya ba. Masara a da abar bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya-ɗanya a lokacin marka. Daga tsakiyar shekarun 1970, da ayyukan raya noma irin na Funtuwa da Gusau da Gombe, da sabon iri daga cibiyar IITA ta Ibadan, da takin zamani mai rangwame, ta zama babban amfanin sayarwa a duk shiyyar da ruwa ke wadata, kuma ƙasar Zuru tana ciki. Ita kuwa masara kwana take ƙirgawa. Tana iya ƙosawa a Satumba ruwa na zuba, a karye ta da danshi sama da kashi 20, a kai wa injin casa, a ɗura tsabarta a buhun leda, a jibge a ɗaki a kan siminti. An rasa bushewar kan kara, an rasa zangarniya mai numfashi, an rasa rumbu. Ga buƙatar kuɗin makaranta da bashin taki da ke sa a gaggauta kai wa kasuwa, inda nauyi ake saye, danshi kuma nauyi ne. A 'yan shekarun nan matsalar 'yan bindiga a Danko/Wasagu ta ƙara tsananta abin, domin manomin da ke shiga gona a tsorace ba zai bar amfaninsa kwance kwana goma yana shan rana ba. Abin da ya samu zai kwasa ya gudo gari, inda filin shanya ya yi kaɗan, sai gefen hanya.

Sakamakon yana da suna. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil, binciken ya kai ga fumfunar Aspergillus flavus da dafin da take fitarwa, aflatoksin. Wannan fumfuna a cikin ƙasa take zaune, tana son masara da gyaɗa, tana son ɗumi da danshi. Dafinta ba ya da ɗanɗano, dahuwa ba ta lalata shi, kuma in ya riga ya samu a cikin ƙwaya, mayar da ita rana ba ya fitar da shi. Kaɗan-kaɗan na shekaru yana kai wa ga sankarar hanta, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara. Mai yawa a lokaci ɗaya kisa ne: a gabashin Kenya a 2004, mutum 317 suka kwanta, 125 suka mutu, daga masarar gida da aka adana da danshi. Masarar da aka baza a ƙasa tsirara tana kwasar ƙwayoyin fumfunar daga ƙasar, in ta kwana a waje raɓa ta mayar mata da ruwan da rana ta cire. Da dare kuma ɓera ne ke yawo a kai, kuma tun da aka gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, an san ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke maimaita kira duk rani cewa a daina shanya abinci a gefen titi. A nan ne "rana za ta kashe" ke yin ɓarnarta, domin ita ke sa mutum ya ga kashin akuya a cikin barkononsa ya kau da kai.

Akwai masu ganin mafita ita ce a bar shanya gaba ɗaya, a koma injin busarwa da maganin feshi. Injin yana da amfani ga babban ɗan kasuwa, amma wanda ya san halin wuta da kuɗin mai a ƙauyukan Wasagu da Bena ya san ba shi zai busar da buhu goma na ƙaramin manomi ba. Magani kuwa mun ga inda ya kai mu: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a cikinsa, waken da mu muke ci kullum. Kuma maganin ƙwari ba ya hana fumfuna. Gyaran da ya yi tasiri a ko'ina shi ne wanda ya mayar wa shanya abokan aikinta da ta rasa. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a Kamaru sun nuna cewa wake da aka baza a kan baƙar leda, aka rufe da fara mai haske, aka sa ciyawa a ƙasa don kada ƙasa ta shanye zafin, yana ɗaukar zafin da ke kashe ƙwaron wake da ƙwansa cikin 'yan sa'o'i. Zafi ne aka tara, ba haske ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana shaƙe ƙwari ba tare da magani ba, amma shi ma sharaɗinsa hatsi ya bushe sarai kafin a ɗaure. Aflasafe na IITA, wanda ake watsawa a gona, tun daga can yake rage fumfuna mai dafi. Har gwajin haƙori yana da ƙane mai sauƙi: a zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin gilashi, da sauran danshi.

Abin da Ribah ta fi buƙata bai kai injin tsada ba. Dandamalin siminti mai shinge a gefen kasuwa da manyan unguwanni, tamfol a farashin da mace mai barkono za ta iya, gadajen kara da aka ɗaga daga ƙasa, da rumfar da za a ja kaya in hadari ya taso. Ƙaramar hukuma za ta iya gina dandamalin, hakimai da masu unguwanni su ba da fili su kuma hana dabbobi ratsawa, ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru su shiga kasuwa ranar ci da na'urar auna danshi, dillalai su fara bambanta farashin busasshiya da mai laima. Kai kuma mai shanya, baza shi siriri, juya shi sau da yawa, tsince mai tabo da fasasshe ka zubar, kada ka ba kaji, kuma kada ka bari ya kwana a waje.